Makullan Sito

Litinin, 3 ga Maris

Wutar gobarar babbar kasuwa ta mutu tun jiya, amma har yau ƙauri na shigowa ta tagar sito. Da rana wani direba ya gaya min Baba Shumeka na cikin waɗanda suka rasu. Wai ya fito lafiya lau, sai ya koma ɗauko takalman mutane da aka ba shi gyara. Takalma! Tsohon nan har ya bar duniya bai ji maganar kowa ba.

Ban yi kuka ba. Na ci gaba da sallamar siminti.

Shi kaɗai ya rage a garin nan mai kirana "mai baro". Lokacin da nake tura baro a bakin kasuwa, takardar sakandare na ruɓewa a aljihu, a ƙarƙashin teburinsa nake ajiye baron in an tashi. Yau ni ne shugaban sito a kamfanin kayan gini. Na gina gida, na sayi mota, duk da gumina, ba wanda ya ɗaga ni. Amma in na tsaya da motar a gabansa sai ya ce, "Mai baro, wannan baron naka mai ƙafa huɗu ne?" Jakar fatar da nake rataye makullan sito a ƙugu, shi ya ɗinka min.

Talata, 4 ga Maris

An sanar a rediyo: jibi Alhamis za a yi taron makoki a filin wasa. Za a kira sunan kowane mamaci, danginsa su miƙe. Baba ba shi da kowa a nan. Ko garinsu ba wanda ya sani. In an kira shi fili ya yi tsit fa? Ba zai yiwu ba. Ni zan miƙe.

Na shiga ofishin Manaja. Yaro ne, a haife na haife shi. Ban je roƙo ba, sanarwa na kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jibi ba na nan."

Ya ce, "Baba, ka san ƙa'ida, mako guda ake sanarwa."

Na ce wutar ma ba ta ba da sanarwar mako guda ba.

Na shirya faɗa sosai, har maganganun da zan yaɓa masa na tanada tun a mota. Sai kawai ya ce, "Allah ya jiƙansu. Ka je. Amma tirela na zuwa da rodi da kwano ranar, ka bar wa Dogo makulli."

Dogo! Mataimakina wai. Mutumin da ke zama a kan buhun siminti yana ɓare gyaɗa da leburori, ana ta ƙyalƙyala dariya. Tun da aka damƙa min siton nan hannun wani bai taɓa murɗa kwaɗonsa ba. Ko ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, da kaina na zo na buɗe, na kwanta a kan kwali.

Na ce makulli ba ya barin ƙuguna. Na fito.

Talata, da yamma

Uwar yara: "To Dogon cinye rodin zai yi? Kai fa saura kaɗan ka riƙa shiga wanka da makullan nan." Mace ba ta san sito ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na kira direban tirela na ce ya ɗaga zuwa Juma'a. Ya ce, "Maigida, ni ma aiko ni aka yi." Maganar ta kai kunnen Manaja, ban san ta bakin wa ba. (Na sani.)

Wannan karon shi ya sauko sito da ƙafarsa. A gaban leburori. Ya ce ko in bar makulli in tafi, ko in zauna in buɗe. In kuwa na tafi da su, zai sa a fasa kwaɗunan a sa sababbi, kuma ba ni zan riƙe sababbin ba.

Ni za a yi wa barazana? Da hannun nan na jera kowane katako a wurin nan tun yana makarantar firamare.

Zan tafi, kuma da makullaina. Ya fasa in ya isa.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban san abin da ya kai ni sito da safe ba. Na sa manyan kaya, hanyar filin wasa daban. Na ce bari dai in ga ko zai iya.

Tirela ta riga ni. 'Yan dako zaune a jikin katanga, kowa da tsumma a kafaɗa, ido a kan ƙofa. In ba a buɗe ba, ba sauke kaya, in ba sauke kaya, ba abin kai wa gida. Na san zaman nan. Na san yadda katanga ke ƙona baya in rana ta ɗaga. Mai walda kuma yana gefe da abin yanka ƙarfe, yana kauda kai kada mu haɗa ido. Ashe da gaske yake, yaron.

Ba tsoron mai walda na ji ba, a rubuta wannan. Hannuna ne ya kai kan jakar, sai na ji muryar tsohon ranar da ya miƙo min ita: "Mai baro, ranar da ka mutu da makullan za a binne ka, ko kamfanin za a rufe?"

Na zazzage makullan, na riƙe jakar. Na kira Dogo. Na ce in ƙusa ɗaya ta ɓata, ni da shi ne. Ya karɓa da hannu biyu, yau ba dariya. Ya ce, "Maigida, ka yi masa addu'a har da tawa. Takalmin nan na ƙafata shi ya yi min ƙasansa." Na ce ban tambaye shi ba.

Fili cike maƙil. Ana kiran suna, mutum biyu ko uku su miƙe, wata mata ta rushe da kuka, a zaunar da ita. Haka har rana ta take. Can mai sanarwa ya ce akwai wani dattijo mai gyaran takalmi da ake kira Baba Shumeka, ba a samu danginsa ba.

Na gyara riga, na miƙe, kai a sama. Na ce a raina ga danginsa.

Sai na ji benci na ƙara ta ko'ina. Na waiga. Masu baro, mata masu tumatir, wani ɗan sanda da hularsa a hannu, wani mai ƙaton ciki da ya fi ni mota nesa ba kusa ba. Gefenmu kaf a tsaye. Wanda ke kusa da ni, wani mai furfura, ya raɗa min wai shekarun baya a ƙarƙashin teburin Baba yake ajiye baronsa.

Haushi na ji, gaskiya. Na ɗauka ni kaɗai ne. Teburin nan ɗan ƙarami, ina ya samu wurin ɗaukar mu duka?

Na damƙe jakar, ba komai ciki, ba nauyi. Idona ya yi ta ruwa. Rana ce, ba rumfa a ɓangarenmu.

Juma'a, 7 ga Maris

Na bi siton lungu-lungu ina neman abin da ya ɓata. Babu. Sai dai Dogo ya jera rodi a hagu, ni kuwa a dama nake jerawa. Na wanke shi tas.

Ban sa a mayar ba. Ta hagun mota ta fi samun wurin juyawa, amma ba sai ya ji daga bakina ba.

Asabar, 8 ga Maris

Manaja ya yi min gaisuwa. Na amsa a taƙaice.

Litinin, 10 ga Maris

Igiyar jakar ta fara tsinkewa ta wajen ɗinkin. Na duba da kyau, nauyin makullan ne ke cinta. Wanda zai gyara ta kuma babu, ni kuwa ba zan ba wani baƙon hannu ya taɓa ɗinkin ba.

Na cire na ƙofar baya da na ɗakin fenti na ba Dogo ya riƙe. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce ya rufe.

Saboda jakar ne kawai.