Kazar Mati Maɗori

Tsiga, 9 ga Janairu, 1964

Zuwa ga Abdussamad, asibiti, Zariya.

Bayan gaisuwa. Tajudeen mai kanti ke rubuta mini, na ce masa kada ya gyara ko kalma ɗaya.

A kasuwar Funtuwa na ji labarinka, a bakin wani mai dako. Wai ka faɗo daga motar auduga, ƙwaurinka ya karye daidai idon sawu, aka wuce da kai Zariya. Ɗan Mati Maɗori! Shekara arba'in ina ɗori. Daga Malumfashi har Musawa a kan jaki ake kawo mini mutane, su koma da ƙafafunsu. Kai ka ƙi gadon gidanku ka bi mota, yau kuma ka kai wa baƙo ƙashin da ni na haifa. An ce can zarto suke sa wa ƙafa. Kada ka yarda.

Uwarka Inno ta daina cin abinci. Ni lafiyata lau.

Mahaifinka, Mati.

Zariya, 21 ga Janairu

Baba,

Gaisuwa da ladabi, da fatan kuna lafiya kai da Inno.

Ban zaɓi asibiti ba, a sume aka kawo ni. Ƙashin ya fasa fata, karayar ta shiga cikin gaɓa. Likita ya ɗauki hoto ya nuna mini, gida uku ya rabu. Sun sa ni barci, suka tsaga, suka haɗa shi da ƙusoshi biyu na ƙarfe, suka naɗe da siminti. Ba a yanke ba. Amma ya ce sai an cire simintin za a san ko zan taka.

Ko da a farke nake, Baba, ina zan nufa? Shekara uku ke nan da ka ce in na hau motar nan kada in dawo maka gida. In an sallame ni, in zo?

Ka gafarce ni. Ɗanka, Abdussamad.

Tsiga, 2 ga Fabrairu

Abdussamad,

Bayan gaisuwa. Ƙusa! Kai ƙyaure ne? Ni da karan dawa da man shanu nake aiki, ban taɓa huda ɗan mutum ba.

Ka manta ba ka faɗi wace ƙafa ce ba. Sai da na taka har tashar Funtuwa na nemo direbanku, ya ce hagu. Ka san al'adar gidanmu: in an kawo mai karaya, a karya ƙafar kaza a ɗaure tare da tasa, ranar da ta taka shi ma ya taka. To na kama farar kazar uwarka na karya mata hagu, na ɗora da sunanka. Malam Bature liman ya ce ba a ɗori ga wanda ba ya nan. Na ce ya tsaya ga limancinsa.

Kazar tana ɗakinka, a kan tabarmarka. Ni ke ba ta gero da hannuna. Da safe in na shiga nakan ce mata, “Yaya ƙafa?” Uwarka na yi mini dariya. Har yanzu kazar ba ta sauke ƙafar ba, kai ma kada ka yi gaggawa. Tun kana ƙarami haka kake, ba ka zama wuri ɗaya.

Maganar da ka tambaya, ni ban saba janye magana ba.

Mati.

Zariya, 10 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Jiya aka fasa simintin. Ƙafar ta rame, na dafa gado na yi taku huɗu. Ranar Litinin za a sallame ni. Wani abokin aikina ya ce in sauka wurinsa a Funtuwa, tunda ban sami izini ba.

Yaya kazar?

Abdussamad.

Tsiga, 13 ga Maris

Abdussamad,

Ta riga ka takawa da kwana goma sha biyu. Tana ɗan ɗingishi, amma har ƙofar gida take kaiwa ta tsaya.

Abokin aikinka ya san shafa man shanu? Ban janye komai ba. Amma aikin likitan nan sai na taɓa shi da hannuna in ji, kuma ba a duba ƙafa daga nesa. Na saro maka sanda daidai tsayinka, yadda na san shi shekara uku da suka wuce. In ta yi gajarta ka ce, in saro wata.

Litinin ina tashar Funtuwa da jaki tun hantsi.

Mahaifinka.