Kwanon Ta'aziyya Ba Ya Komawa Fanko

Tuckers Ferry, Mississippi
Farkon Afrilu

Ɗana Lucius,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya sanyin New York, yaya kuma tarin nan da ka ce ya tafi alhali ina jin sa ta waya? Ni lafiyata ƙalau, ko da yake in ka buɗe firjina za ka rantse jiya aka binne ni.

Tun da littafinka ya shigo garin nan matan coci suke ta zuwa min da kwanuka masu murfi, irin waɗanda ba a kai wa sai gidan da aka yi rashi. Earline Puckett ce ta fara, da makaroni da cuku. Ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar'uwa Vernell, ba laifinki ba ne, kin yi iya yinki a kan yaron nan." Bayanta Maybelle Strother ta iso da soyayyar kaza, ido jajir kamar ita ta haife ka. Na tambaye ta wa ya mutu. Ta ce Ubangiji ya sa wa zuciyata albarka. Ni da kai mun san fassarar wannan addu'ar a bakin matan nan: kaico, wawuya.

Ba wadda ta karanta littafin. Sun dai ji an ce ka yi wa matattunmu dariya. Maybelle ce shugabar kwamitin laburare yanzu, kuma ta sa ranar zama don a janye gayyatar da aka yi maka ta zuwa karanta wa jama'a littafinka a watan Mayu, a kuma sauke littafin daga kan kanta. Na san ka. In suka janye, ka sami hujjar ƙara wasu shekarun ba ka taka garin nan ba.

Ni na karanta, har sau biyu. Rabin rayuwata na yi ina cusa wa 'ya'yan mutane irin waɗannan littattafan, masu jarumin da ba za ka ba shi aron tsintsiya ba, amma shi kaɗai ne a garin bai iya ƙarya ba. Mutumin kirki a littafi barci yake sa ni. Ka ba ni mahaukacin da zai sa ni dariya a wurin da ya kamata in yi kuka, don a nan ne nake yarda marubuci ya san mutuwa. Orrin Tadlock ɗinka ya isa. Tsohon malamin makaranta mai yawo a maƙabarta da jan fenti yana gyara kuskuren rubutu a kan duwatsun kaburbura, yana cin abincin makokin mutanen da bai sani ba.

Ka sa masa wando da gashin baki don kada in gane shi. Lucius, mutum nawa ne a garin nan suka taɓa gyara wa fasto nahawu a bakin kabari? Kuma kabarin mahaifinka ne. Wannan ne ya sa kake gajarta waya tun lokacin kaka, ko ba haka ba?

Fushi kam ina yi. Akwai waƙafi a shafin farko da ba wurinsa ba ne. Sauran fushin na Maybelle ne, kuma zan kai mata har gida.

Ka riƙa rufe wuyanka.

Mahaifiyarka,
Vernell Haskew


Tuckers Ferry, Mississippi
Ƙarshen Afrilu

Ɗana Lucius,

Ina gaishe ka, ina fatan tarin ya yi sauƙi. Na ga saƙonka mai cike da ban haƙuri. Adana shi, ba a ba uwa haƙuri a kan aiki mai kyau.

Ka tuna abin da kakarka take cewa, kwanon ta'aziyya ba ya komawa fanko. Kowace mace sunanta na manne a gindin nata, saboda haka ban sha wahala ba. Na wanke su tas, na sa kwafin littafinka a cikin kowanne, na naɗe kusurwar shafin da mai kwanon za ta ga wata mai kama da ita, na rufe, na bi gida gida. Maybelle ta ɗaga murfi tana tsammanin kek. Da ka ga fuskarta da ka sami littafi na biyu.

Ranar zaman, ɗakin ya cika har da tsayuwa. Maybelle ta miƙe ta fara jawabi a kan mutuncin gari. Ba ta yi nisa ba Earline ta ɗaga hannu ta ce, "Ni tambaya gare ni. Don me Maybelle ta sami babi guda, ni shafi biyu? Ni na fi ta daɗewa a mawaƙan coci." Maybelle ta ce matar nan mai hular gashi ta cikin littafin ba ita ba ce. Daga baya wani ya ce, "To, wa ya ce ke ce?" Fasto ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

Da hayaniya ta lafa, sai tsoho Clement mai aski ya ce shi dai Orrin ne ya dame shi, a gaya masa ko uban wane ne aka wulaƙanta haka. Na miƙe na ce ba uban kowa ba ne, ni ce. Na ce rabinsu na koya wa karatu, kuma ga dukkan alamu ban gama ba. Na ce in ni da aka zana da gashin baki ban kawo ƙara ba, ban ga mai hurumin kawowa ba. Aka kaɗa ƙuri'a. Gayyatarka na nan, littafin na kan kanta, masu jiran aro sun yi layi. Maybelle ma ta ɗaga hannu, wai don ta tambaye ka ido da ido game da hular gashin.

Akwai abin da ban faɗa musu ba. Na lura Orrin ya gyara kowane dutse a maƙabartar ban da na matarsa. Kullum sai ya tsaya a gabansa da fenti a hannu, ya wuce. Ban san ka taɓa lura da harafin da mai sassaƙa ya tsallake a sunan mahaifinka a kan dutsen kabarinsa ba, balle ka gane abin da ya hana ni taɓa shi duk shekarun nan. Mahaifin naka ma bai taɓa rubuta wasiƙa babu kuskure ba, kuma ban taɓa gyara masa ko ɗaya ba. A wannan shafin na ajiye littafin.

Ka zo a Mayu. Ɗakinka na nan, kazar Maybelle ma na nan a daskare. In ka gama karatun za mu je wurin mahaifinka tare, ba zan ɗauki fenti ba. Amma waƙafin nan, ka gyara shi kafin bugu na biyu.

Mahaifiyarka mai alfahari da kai,
Vernell Haskew