Gemun Malam Assumana Ya Koma Tsanwa

Bangi, daren Talata, watan Rajab, 1943

Yau kasuwata ta farko ba Kawu a gefena, kuma na kunyata zabirar askin da ya ba ni.

Malam Assumana mai raƙuma ya zo yana son furfurar gemunsa ta koma baƙa. Kawu kullum lalle yake fara ɗaurawa, sai gashi ya yi ja sannan ya bi da garin baba irin na marina. Ni da na ga mutane na jiran aski sai na tsallake lallen. Da anka wanke, gemu ya fito tsanwa kamar ganyen albasa!

Mahauta sunka fashe da dariya. Wani ya ce, "Malam, kauce wa awaki, kada su yi kiwo!"

Ya ja rawani ya rufe haɓa, ya ce, "Kai ɗan nan, wanzami kake ko marini?"

Na ce, "Haba Malam, ai ban yanke ka ba." Wannan baki nawa! Ya miƙe yana rantsuwa cewa sai ya sa Kawu ya karɓe zabirarsa daga hannuna.

Ko tuwo ban ci ba. Na kama farin bunsurun Inna, na shafa wa gemunsa baba har ya yi tsanwa, na ɗaura lalle, na sake bi da baba. Ya tunkuye ni, Inna ta zage ni tas, amma gemun ya yi baƙi ƙirin.

Gobe da asuba ina ƙofar Malam da ƙwaryar lalle. Zan durƙusa, zan danne harshena. Rawanin nan da hannunsa zai sauke shi, a gaban mahautan.