Jar Wutar Soket

Asabar, 4 ga Afrilu

Katin wuta ya sake ƙarewa. Na loda shi da niyyar ya yi mana wata guda, ko rabi bai kai ba. Ina tsaka da aski mita ta fara wannan kukan nata mai cin rai. Tun da aka rage mana kwanakin aiki a maɗaba'a, ina zan samu abin da zan riƙa ɗura mata haka?

Na tara kowa a falo: Maman yara, 'yan matanmu biyu, da Inna, mahaifiyata, wadda ke ɗakin baya tun rasuwar Baba. Na kafa doka. Guga sai Lahadi. Hita na kulle ta a durowa. Talabijin sai bayan magariba. Maman yara ta ce, "To ranka ya daɗe, numfashi fa, sau nawa za mu riƙa yi?" Yara suka tuntsire da dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Inna ta ce ita ba ta gane kan wannan mita ba, idon ma ya yi rauni. Na kama hannunta na kai ta gaban soket ɗin falo. Na ce, "Kin ga wannan 'yar jar wutar, Inna? Duk inda kika gan ta a kunne, gumina ne ke ƙonewa." Ta ƙura ido, ta ce, "Wannan kam ina ganinta."

Talata, 7 ga Afrilu

Na cire ƙwan fitila na baranda da na bayan gida. Babbar 'yarmu ta bar caza a bango ba waya a jiki, ta sha faɗa har ta yi kuka. Na san na wuce gona da iri, amma ai sai da haka.

Alhamis, 9 ga Afrilu

Na samo dabara. Firji ba mai buɗe shi idan an kwanta, to me zai sa ya kwana yana gurnani? Zan riƙa zare shi in na zo rufe ƙofa, in mayar da asuba, ya wuni yana aiki. Allurar sugan Inna tana ciki, amma sanyin wuni ya ishe ta kwana. Ban gaya wa Maman yara ba, don na san bakinta.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Zafi kamar a cire fata. Na leƙa ɗakin Inna da azahar, fanka a kashe, tana fifita da murfin kwali. Na ce, "Haba Inna, ki kunna mana." Ta ce iskar fanka tana sa mata ciwon gaɓɓai. Tun yaushe? Ban ja maganar ba. Gaskiya ma, a raina na ji daɗi. Allah ya yafe mini.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Mita ta lafa! Tafiya take kamar mai ciwon ƙafa. Na nuna wa Maman yara, na ce yanzu wa ya yi gaskiya? Ta ce ruwan firji ba ya sanyi kwana biyu, kuma ta dawo daga makarantar da take koyarwa ta tarar da ruwa kwance a ƙarƙashinsa. Na ce tsufa ne, kada ma ta fara mini zancen mai gyara.

Talata, 21 ga Afrilu

Inna ba ta jin daɗi. Shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, zuwa bayan gida ba iyaka, ga kasala. Maman yara ce ke yi mata allura safe da yamma, ta rantse ba ta taɓa tsallakewa ba. Na ce zafi ne. Ta ce a kai ta asibiti. Na ce a bari a yi albashi. Ta kalle ni wani irin kallo, ta shige kicin.

Auta, ƙanwata, ta kira. Na ce mata kowa lafiya.

Juma'a, 24 ga Afrilu

Asibiti. Gobe zan rubuta.

Asabar, 25 ga Afrilu

Jiya da la'asar Maman yara ta dawo ta samu Inna a ƙasa, tsakanin falo da kicin, tana magana ba kai ba gindi, ba ta ma gane ta ba. Maƙwabcinmu mai tasi ne ya ɗauko su. Ni ina wurin aiki, wayata a kashe, wai ina tattalin caji. Tir da ni.

Likita ta ce sugan ya hau sosai, da an ƙara jinkiri da sai dai wani zancen. Ta karɓi kwalbar allurar ta ɗaga ta a haske, ta ce ta lalace, kusan ruwa muke ta tsira mata. "A ina kuke ajiye ta?" Maman yara ta ce a firji. Ni na sunkuyar da kai. A baranda na gaya mata abin da nake yi in an kwanta. Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Amma lissafina bai ba ni ba. Ai firjin yana wuni a kunne.

Litinin, 27 ga Afrilu

Inna ta dawo hayyacinta, alhamdu lillahi. Ina ba ta ruwa a cokali ta jawo hannun rigata, ta yi ƙasa da murya kamar mai ba da albishir. "Wutar ta ragu ko? Ai ina taya ka. Da kun fita nake bi bango bango ina kashe jajayen nan. Ta bayan firji ce mai wahala, sai na durƙusa. In na ji dawowarku ta kusa sai in mayar, don kada matarka ta ce na sa mata hannu a kicin."

Ni da dare, ita da rana. Firjin nan ashe ɗan abin da yake samu bai taka kara ya karya ba.

Ta ce, "Na ga kana ramewa, ɗan nan. Ni kuma ba abin da nake kawowa gidan sai ci."

Na fita na tsaya bayan ɗakin magani na yi kuka, ni da furfurata. Wani mai shara ya ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa. Ya zaci rasuwa aka yi mini.

Laraba, 29 ga Afrilu

Auta ta wanke ni tas a gaban mijinta. "Yaya, in riƙon ya fi ƙarfinka ka faɗa mana, ba sai ka mai da ita maigadin soket ba." Na so in ce mata ita da take aiko gaisuwa ta waya, me ta sani game da ɗawainiyar gida? Ta ce in an sallami Inna gidanta za ta wuce da ita. Na ce ba inda za ta, a gidana Baba ya bar ta. Ta ce to a tambayi mai jikin.

Juma'a, 1 ga Mayu

An tambaye ta. Ta ce za ta je wurin Auta ta kwana biyu, "ka ɗan huta." Ko kallona ba ta yi ba da ta faɗa.

Lahadi, 3 ga Mayu

Maman yara ta kwashe kayan Inna a jaka biyu, mijin Auta ya zo ya ɗauka. Tsakanina da Maman yara sai "ga abinci" da "a dawo lafiya." 'Yan matan kuma in sun ji takuna sai su kashe talabijin, ko da lokacinsa ne. Katin har yau bai ƙare ba. Abin da nake nema ke nan, ga shi na samu.

Lahadi, 10 ga Mayu

Na je gidan Auta da sabuwar allura a cikin 'yar kula cike da ƙanƙara. Inna tana zaune a falo, ta yi kyau, fuskarta ta ciko. Fanka na kaɗa mata mayafi, jikokinta na kallon talabijin, tana ta yi musu dariya. Na yi sallama. Tana jin muryata dariyar ta tsaya, ta miƙa hannu tana lalube bango, ta kashe fankar.

Na durƙusa na kunna. Ta ce, "Bar ta, ba na jin zafi." Gumi na bin wuyanta. Na riƙe hannun, na ce, "Ba gidana ba ne nan, Inna." Sai da maganar ta fita na ji abin da na faɗa.

Na ce yaushe za ta dawo. Ta ce sai zafi ya wuce.

A hanya na tsaya wurin mai kayan lantarki, na sa ya zo jibi ya canza soket ɗin gidan duka zuwa marasa fitila. Maman yara ta tambayi dalili, na ce tsofaffin sun fara sakin jiki. Ta ce, "To." Ɗakin baya, na Inna, na ce mai lantarkin ya fara yi.