Ko Ƙarya Ko Mushe

Tsamaye, ta Sabon Birni,
Watan Rajab, 1985.

Zuwa ga Yayana Lawwali, a Sabon Ibadan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta jini ɗaya, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Safiyatu da yara, Ya sa albarka a cinikinka na goro. Mu nan mun gode Allah, da rai dai. Ka san damina ta sake juya mana baya, hatsi ya ƙone tun bai fidda kai ba, gulbi ya koma yashi, shanun mutane suna faɗuwa a kan hanya. Inna tana nan da ciwon ƙafarta, amma tana cin abinci tana kuma faɗa, ka ga da sauƙi ke nan.

Saƙonka ya iso ta bakin direban motar goro, wai ka ji mun yi hayaniya da Maliki, in yi haƙuri tunda ɗan baffanmu ne. Yaya, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bari in ba ka labarin tun daga tushe, sannan ka ga wanda ya kamata a aika wa da haƙuri.

Ka tuna jar saniyar da marigayi mijina Yero ya bar mini. Ita kaɗai ta rage. Da ta fara rama, Maliki, da yake dillalin shanu ne, ya zo ya ce in ba shi ita ya ba ni rabin buhun hatsi. Na ce ban sayar ba. Ya tafi yana cewa za ni gani. Ran da ta durƙusa ta kasa tashi, na ruga na kira liman, Malam Usmanu, ya sa mata wuƙa da hannunsa. Jini ya yi tsartuwa har ya ɓata masa riga, ta harba ƙafa, ta kaɗa wutsiya. Liman ya ce halal ce, babu ko shakka. Na zauna na yi kuka kamar ran da aka ɗauki Yero.

Kafin a gama fiɗa, Maliki ya riga ni kasuwar Sabon Birni. Ya bi rumfunan mahauta yana rantsuwa cewa saniyar ta mutu tun kafin wuƙa ta iso, wai da idonsa ya gani, shi da ko ƙofar gidana bai tako ba ran nan. Mahauta suka ƙi karɓar ko ƙafa ɗaya. Wannan bai ƙona mini rai ba kamar abin da ya biyo baya. Ka san da tuwon da nake sayarwa a tasha nake riƙe da Inna da kaina. Washegari na kai tukunya, na dawo da ita yadda na kai ta. Wata mata ta janye ɗanta daga gabana tana cewa kada ya ci abincin Saude mai mushe. Ni, ɗiyar Malami, da aka yi wa tarbiyya a kan allo, ni ce za ni ciyar da Musulmi mushe!

Ban zubar da naman ba, ban kuma iya ci ba. Na haƙa rami a bayan ɗaki, na zuba garwashin ƙirya, na jera ɗanyun sanduna a kai. Naman ba kitse ko na shafawa, tozon ma ya shanye, sai na yanka shi fale-fale, na murtsuke shi da gishiri da man gyaɗa, na rufe da tsohon kwanon rufi don hayaƙi ya ratsa shi a hankali. Ina juya shi ina share hawaye, rabi na hayaƙi, rabi na baƙin ciki. Sai da ya yi ja ya bushe sarai na sauke, na adana a cikin tulu, ina jiran ranata.

Ranar ta zo da maigari ya kira gayyar yasar babbar rijiya, don ruwanta ya koma laka. Maza suka taru har daga Kurawa da Gangara, ba kuma wanda ke da abin ciyar da su. Na je na ce wa maigari ni za ni ciyar. Na kai ƙirgin saniyar, wato fatarta, wa mai gidan burodi, ya musanya mini da kwando biyu na ƙananan burodin nan masu kamar dunƙulen hannu. Na turara naman a tukunya har ya yi laushi, na daddage shi, na haɗa da albasa da yajin ƙuli mai citta da masoro. Kowane burodi na tsaga cikinsa na cusa nama har ya leƙo.

Ban yaudari kowa ba, Yaya. Da na sauke faranti a bakin rijiya na faɗa musu naman jar saniyata ne, mai shakka ya bari. Hannuwa suka tsaya. Sai liman ya yi bisimilla ya ɗauka, ya ce shi ya yanka, shi zai fara ci. Daga nan sai wawaso. Mutanen da suka yi watanni ba su ga nama ba, har waɗanda ke cikin rijiya sai da aka zura musu nasu a guga.

Ana cikin haka sai ga Maliki ya dawo daga garin Isa da babbar riga, ba don ya taɓa igiya ba, don dai a ce ya zo. Ƙamshi ya ja shi har gindin faranti. Ya ɗauka cewa wani alhaji ne ya yi yanka. Wallahi ba wanda ya ce masa uffan, kowa ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ya ci, ya ƙara, ya sake ƙarawa, yana lasar yatsu yana cewa rabonsa da nama irin wannan tun kafin fari. Har ya zura wasu a aljihu.

Sannan na fito daga bayan mata, na gaishe shi da kyau, na tambaye shi ko naman ya yi gishiri. Na ce masa wannan ita ce saniyar da ya rantse ya ga mutuwarta. To ga liman, ga maigari, ga jama'a, ya zaɓi ɗaya: ko dai ƙarya ya yi mini, ko kuwa mushe ya cika cikinsa da shi. Lomar da ke bakinsa ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya dubi maigari, maigari ya dubi sama. Daga ƙarshe ya ce, can ƙasa-ƙasa, kuskuren gani ne. Liman ya tambaye shi ta yaya mutum ke kuskuren ganin abin da bai halarta ba. Sai ya ce ƙarya ya yi. Na ce masa yunwar bana ta taɓa mini kunne, ya ɗaga murya. Ya maimaita. Na ce akwai bayin Allah a ƙasan rijiya, su ma sun ci, suna da haƙƙin su sani. Sai da ya durƙusa a bakin rijiya, ya leƙa kai, ya yi ihu cewa shi Maliki ƙarya ya yi wa Saude. Daga ƙasa wani ya amsa masa da cewa sun ji, Allah Ya shirye shi.

An ce rama cuta ga macuci ibada ne, ni kuwa ran nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Tuwona yanzu yana ƙarewa kafin azahar. Amma kada ka ce mini an gama. Mahautan Sabon Birni ba su zo gayya ba, a gabansu kuma Maliki ya fara ƙaryar. Ran kasuwa mai zuwa za ni tsaya a rumfarsu, liman ya ce zai kawo shi. In ya faɗa a can, sai mu yi maganar zumunci.

Ka gaida Safiyatu, da Amiru, da 'yar auta Larai. Inna tana sa muku albarka. Ku taya mu roƙon ruwa.

Ni ce ƙanwarka,
Saude.