Galura Mai Hoton Gargaɗi

Daren Laraba, Gwandu

Yau na je kasuwar Kalgo sayen galurar rina kaba. Tun bara da ƙanwata Hassi ta zuba ta a zoɓo, tana zaton kalar abinci ce, har 'yarta ta kwanta asibiti, nake tsoron ƙullin ledar nan marar suna.

Sai Malam Bello mai galura ya miƙo mini 'yar roba da hoton ƙoƙon kan mutum, an rubuta guba ce.

"Doka ta, Inna," ya ce. "Ma'aikata sun hana saida ta hakanan."

Na kai wa Hassi. Ba ta karatu, amma ta daɗe tana kallon hoton, ta ce, "Wanga kam na gane shi." Gobe za ta dawo mu ci gaba da rini tare. Alhamdulillahi.