Takardar da Nake Buɗewa Kullum da Safe

Zuwa ga Innata a Kalgo,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar Baba? In kin je Gwandu ki gaishe min da Gwaggo Indo.

Ni lafiya lau nake a hedikwata. Aikina ba wuya: rahotannin fagen daga nake karɓa, in tantance, in adana, in miƙa wa manya. Ramar da kika gani a hoto kuwa, abincin nan ne bai karɓe ni ba. Ki aiko min da yajinki.

Kin ce in gaya miki inda aka tura ƙanena Muzzammil. Inna, na sani, amma na yi rantsuwa, kuma shirun nan shi ke tsare su. Ki yafe min.

Ga abin da zan iya faɗa. Kullum da safe, takardar sunayen waɗanda suka ji rauni da waɗanda suka rasu ta hannuna take bi. Sai na zauna na yi bisimilla nake buɗe ta. Ta yau sau biyu na karanta. Babu sunansa.

Ki ci gaba da sa mana albarka.

Ɗiyarki,
Halima Sadiya